Injin Gida: Ratar da Ba Ta Kai Silin Gashi Ba

Da sanyin safiya a watan Janairu, tun hazo bai ɗaga daga kan fadamun Gwaram ba, ƙarar injinan ban-ruwa ta riga ta cika ko'ina. Wannan na tari, wancan na gurnani, ruwa na bin tiyo yana kwarara cikin fangalin albasa da tumatir da alkama. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, mai shi ya san yininsa ya ɓaci, domin shukar rani ba ta san uzuri ba. Sai ya kwance tiyo, ya ɗaure injin a bayan babur da igiyar roba, ya nufi bakin titi wurin bakanike.

Abin da bakaniken zai fara yi kusan ɗaya ne ko'ina, daga Sara har Babaldu. Zai kwance fulogi ya duba bakinsa, ko ya yi baƙi da hayaƙi, ko a jiƙe yake da mai. Daga nan ya toshe ramin fulogin da babban yatsa, ya sa yaronsa ya ja igiya. Inji mai lafiya, iskar cikinsa ture yatsan take yi da ƙarfi har a ji tsakinta. In kuwa yatsan ya zauna daram bai motsa ba, sai bakaniken ya girgiza kai ya ce, "Baba, ba matsi. Sai an buɗe."

Idan an buɗe, labarin da za a tarar sananne ne. Soson tace iska ya yage tun bara ba a sake ba. Ƙurar hunturu ta yi ta shiga, ta gauraya da baƙin mai ta koma kamar tokar wanke tukunya, ta cinye ringi, ta kankare bangon silinda. Da ido ba a ganin wani babban lahani, 'yan layuka ne kawai da farce ke ɗan maƙalewa a kansu. Amma aikin gama ya gama.

Ga dalili. Yawancin injinan da ke fadamun nan ƙirar Honda GX160 ce, ko kuwa kwaikwayonta da ake yi a ƙasar Sin. Faɗin silindarsa milimita 68 ne, fistin na hawa da sauka tsawon milimita 45, injin kuma na juyi 3,600 a minti ɗaya. Milimita ita ce ɗan ƙaramin layin nan na jikin rular 'yan makaranta. To a raba wannan ɗan layi gida 100. Ratar da ke tsakanin fistin da bangon silinda a sabon inji ba ta wuce gida 5 ba. Silin gashin mutum kuwa yakan kai wajen gida 7. Da zarar ratar ta haura gida 12, masu ƙirar da kansu sun ce a sake kaya. Wato tsakanin injin da ke shayar da gona da wanda aka ɗauro a bayan babur, bambancin bai fi kaurin gashi ɗaya ba.

Duk maganar ƙera inji a gida a nan ta ta'allaƙa. Mai son ya yi injinsa da hannunsa, ƙarfe ba zai gagare shi ba, wuta ma haka. Abin da zai ba shi wuya shi ne ya yanka ƙarfe daidai da awon da ido ba ya gani, ya kuma tabbatar ya yanka daidai ɗin.

Hannayen da ake da su

Wanda ya taso daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ranar kasuwa, in ya buɗe ido, zai ga kusan duk hannayen da inji ke bukata. Ga maƙeri a rumfarsa, yaro na zuga masa wuta, yana ɗora jan ƙarfe kan uwar maƙera yana fitar da ruwan garma da lauje da gatari. Abin da ɗaliban injiniya ke haddacewa game da halin ƙarfe, shi a hannunsa yake: in an tsoma shi a ruwa da zafinsa sai ya yi tauri amma ya yi saurin karyewa, in an bar shi ya huce a hankali sai ya yi laushi. Ga masu zubin tukwane, waɗanda ke sayen tarkacen alminiyam daga hannun 'yan gwangwan, su narka shi da gawayi, su danna tsohuwar tukunya cikin damammen yashi su fitar da siffarta, su zuba, su fasa yashin su ɗauko sabuwa. Ga mai walda. Ga bakaniken babur, wanda zai wargaza injin Boxer da hantsi, kafin la'asar ya mayar da kowane noti mazauninsa ba tare da ya duba takarda ba.

Waɗannan mutane tuni suke ƙera injuna, in dai gangar jiki ake nufi. Injin niƙa, injin markaɗe, injin casar masara, injin ɓarar gyaɗa, da yawansu aikin gida ne: wasu daga Dakata a Kano, wasu daga Panteka a Kaduna, wasu kuma mai waldar unguwa ne ya duba na wani ya kwaikwaya da ƙarfen da ya sayo a Ƙofar Ruwa. Sai dai in an bi bel ɗin da ke juya su har zuwa inda ƙarfin ke fitowa, nan za a ga rubutun Sin ko na Indiya ko na Japan. Jiki namu ne, zuciya ta aro.

Labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya nuna wannan ƙarara. A 2007, yana da shekara 24, yana karatun fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu a gida da tarkacen alminiyam da kujerun tsohuwar mota, har ya ɗaga sama kimanin mita 2. Kafofin labarai na duniya sun ɗauki labarin, kuma ya cancanta. Amma injin da ya ɗaga jirgin, mai ƙarfin doki 133, daga cikin tsohuwar Honda Civic aka ciro shi. Wannan bai rage masa komai ba. Ya dai nuna inda katangar take.

Ƙananan injinan nan ba su daɗe da zama 'yan gida a kudancin Jigawa ba. Dattawa na iya tuna lokacin da ban-ruwa aikin jigo ne, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana ɗagowa don ya shayar da 'yan fangali kaɗan. A shekarun 1980, tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar aikin gona ta jihar, KNARDA, ta fara yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur a fadamu. Bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1993, ya ƙara baza su. Kafin su kuwa akwai Lista, baƙin injin gas ɗin nan mai manyan ƙafafu biyu da ke bugawa a hankali a gidajen niƙa, wanda yara ke jin sautinsa tun daga bayan gari. Shekara 40 ke nan mutanen yankin na zaune da injuna, suna kwance su suna ɗaurawa. Sanin cikin inji ba baƙon abu ba ne a nan.

Shi kansa aikin injin, bayaninsa ba shi da tsawo. Fistin ya sauka ya shaƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, su fashe su tunkuɗa shi ƙasa, nan ne ƙarfin ke fitowa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Tun 1876 Bajamushe Nikolaus Otto ya tsara waɗannan matakai huɗu, har yau ba a canza su ba. Abin lura shi ne saurin: a juyi 3,600, fashewar nan na aukuwa sau 30 a daƙiƙa ɗaya, fistin kuma na tsayawa cak ya juya baya sau 120 a wannan daƙiƙar. Abin da ke irin wannan gudu, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya hallaka shi.

Injin da ke haifar injuna

Masassaƙin turmi kafe itace yake yi wuri ɗaya, shi ya riƙa zagaya shi da gizago. Injin sassaƙar ƙarfe ya juya lamarin: ƙarfen ne ke juyawa, wuƙar tana kafe. Ana damƙe guntun ƙarfe a wani baki mai haƙora uku, mota ta juya shi, mai aiki ya riƙa matso da 'yar wuƙa ta hanyar murɗa hannu mai lambobi a jikinsa. Tun da abin juyawa yake, duk inda wuƙar ta taɓa sai ya fito kewayayye sak, irin kewayen da hannun mutum ba zai taɓa fitarwa da magagari ba. Fistin, silinda, bawul, ringi, sandar da ke juyawa, duk 'ya'yan wannan inji ne. James Watt ma, wanda ake jingina masa injin tururi, ya sha fama shekaru da silindar da ba ta kewayu daidai ba, tururi na zurarewa ta gefe, sai da John Wilkinson ya fito da na'urar huda ƙarfe a 1774 sannan aikinsa ya kankama.

A ɗauki fistin kaɗai, a ga yadda ake haifar sa a ƙaramin shago. Ba kowane alminiyam ke yi ba. Gwangwanin lemo da tsohuwar tukunya sun yi laushi, su liƙe wa wuƙa kamar ƙaro. Masu wannan aiki tsofaffin fistin na mota suke nema, domin an gauraya su da sinadarin silikon, wanda ke sa su jure zafi su kuma yanku da tsabta. Ana narka su a digiri 660 ko ƙasa kaɗan, zafin da gawayi da zugazugi ke kaiwa ba wahala. A kwashe dattin da ya taso sama, a zuba a mazubi, a bari ya huce. Abin da zai fito wani dunƙule ne mai kaushi, ba kyan gani.

Sai a ɗaura shi a inji. Yankan farko da ƙarfi ake yi, ɓawon ƙarfe na nannaɗowa yana zuba kamar feren lemo, farin jiki mai sheƙi na bayyana a ƙarƙashi. Da an kusa awo sai hannu ya yi sanyi. A yanki kaɗan, a tsayar da inji, a goge, a auna. Abin awon shi ne maikuromita, ɗan ƙarfe mai siffar ƙugiya da ake murɗawa har ya taɓa abin da ake aunawa, yana karanta kashi 1 cikin 100 na milimita. A nan sabon shiga ke faɗawa rami. Yanka na ɗumama ƙarfe, alminiyam kuwa kumburinsa da zafi ya ninka na ƙarfen zubi. Fistin mai faɗin milimita 68, in ya ɗumama da digiri 10 kacal, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 na milimita, wato kusan rabin ratar da ake nema gaba ɗaya. Wanda ya auna da zafinsa, in ya huce sai ya tarar ya yi ƙanƙanta, ƙarfen da aka yanke kuwa ba ya komawa. A ƙasar da safiyar hunturu da tsakar ranarta suka bambanta da fiye da digiri 10, ko lokacin da aka yi awo yana da tasiri. Shi ya sa gwani yakan ajiye fistin da silinda da ma'aunin wuri ɗaya, ya je ya yi salla ya dawo, sannan ya auna.

Ringi ya fi fistin taurin kai. Daga ƙarfen zubi mai kyau ake yanko shi, siriri kamar awarwaro, a tsaga shi wuri ɗaya, a sa ɗan ƙarfe a buɗe tsagar, a gasa shi har ya yi ja-ja mai duhu, a bar shi ya huce a haka. Daga nan ya samu tsalle, in an matse shi cikin silinda ya riƙa tokare bango da kansa. Wannan launin ja-ja, maƙerin Gwaram ya fi mai digiri saurin gane shi. Cikin silinda kuma, bayan an huda, sai an goge shi da dutsen wasa mai laushi har ya yi wasu siraran layuka masu gicciye juna, inda mai zai riƙa maƙalewa. In ya yi santsi kamar madubi ma matsala ce.

Fulogi da boris da kwayil, saye ake yi, kuma ba abin kunya ba ne. Kamfanin Honda ma fulogin NGK yake sawa a injinansa.

Masu ganin abin ya fi ƙarfin ƙaramin shago, tarihi bai goyi bayansu ba. Ranar 24 ga Disamba 1893, wani ma'aikacin kamfanin lantarki a birnin Detroit na Amurka ya ɗaure ɗan injin da ya yi da guntun bututu a wurin wanke-wanken kicin ɗin gidansa, matarsa Clara na ɗiga masa fetur, shi yana juya ƙafar injin da hannu. Ya tashi, ya cika ɗakin da hayaƙi, bai yi minti ɗaya ba aka kashe. Sunan mutumin Henry Ford. Bayan shekara 10, da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka rasa kamfanin da zai yi musu inji marar nauyi na jirgin sama, bakaniken shagon kekunansu, Charlie Taylor, shi ya yi musu cikin mako 6. Kayan aikinsa injin sassaƙa ne da injin huda da kayan hannu. Sandar kuranshaf daga falalen ƙarfe ya fitar da ita: ya zana siffarta, ya bi zanen da huji ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle saura da kurfi da guduma, sannan ya ɗora a inji ya gyara. Gidan injin kuma masu zubi na garin ne suka zuba masa da alminiyam. Ƙarfin doki 12 ne kawai, amma shi ya ɗaga jirgin ranar 17 ga Disamba 1903.

Labarin da ya fi dacewa da bakanikan nan shi ne na Soichiro Honda, mai sunan da ke jikin injinan fadama. Ɗan maƙeri ne, yaron gareji ne, karatunsa bai yi nisa ba. A 1937 ya shiga yin ringi, yana ganin ai abu ne mai sauƙi. Cikin guda 50 da ya kai wa kamfanin Toyota, 3 kaɗai suka tsallake gwaji. Wahalar yin ringin ta sa ya ajiye girman kai ya koma aji a makarantar fasaha ta Hamamatsu, yana babba cikin yara, inda ya gano cewa ƙarfensa silikon ne ya yi masa ƙaranci. Hannu yana da shi tun farko. Awo da sanin abin da ke cikin ƙarfe ne ya koma nema.

Riba da tsada

A nan dole a faɗi gaskiya. Injin da mutum ya ƙera a shagonsa ba zai taɓa yin arahar wanda masana'antar Sin ke fitarwa dubbai a rana ba. Wanda ya shiga wannan aiki da niyyar ya kori injin kanti daga kasuwa, asara zai yi. Ribar tana wani wuri. Mutumin da ya iya yin fistin daga tarkace, ya iya faɗaɗa silindar da ta cinye ya sa mata fistin mai ƙarin kashi 25 ko 50 cikin 100 na milimita, irin wanda ake sayarwa don haka. Ya iya sassaƙa bushin, ya gyara sandar famfon da yashi ya ci, ya fitar da fulin injin niƙa, ya yanka zaren noti da babu irinsa a kasuwa. Irin waɗannan ayyuka su ne ake ɗauka a mota a kai Kano, tafiyar sama da kilomita 100 daga Birnin Kudu, daga Gwaram kuma fiye da haka, a biya kuɗin mota, a yi jira, gona na can tana bushewa. Ɗan injin da aka ƙera don koyo, makaranta ce ta wannan sana'a.

Bukatar kuma ƙaruwa take yi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, manoman rani da dama a Kano da Jigawa suka koma ɗaura wa injinansu tukunyar gas ta girki. Sauya kafireto ne da 'yan mahaɗai, kuma ingancin ɗan mahaɗin tagullar nan, ko ya zauna daidai ko yana yoyo, shi ne tsakanin sauƙi da gobara. Aikin mai injin sassaƙa ne tsantsa. Neman abin da zai maye gurbin man kanti ma ba yau aka fara ba: a bikin baje kolin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, abin da ya kamata ya ja hankalin duk wanda ya tashi a ƙasar gyaɗa.

Me ya hana, to? Na farko kuɗin injin sassaƙar kansa. Nijeriya ta kafa masana'antar ƙera irin waɗannan injuna a Osogbo tun 1980 da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya, amma yawancin waɗanda ake gani a shagunan Kano da Kaduna tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje, ko aka saya daga masana'antun da suka rufe. Na biyu wuta. Manyan cikinsu lantarki mai layi uku suke so, kuma wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar yanka tana iya ɓata aikin yini guda. Na uku, wanda ya fi sauƙin magani amma aka fi sakaci da shi, shi ne awo. Shaguna nawa ne a bakin titi ke da maikuromita? Yaro yakan yi shekara biyar a gaban ogansa, ya iya gane ciwon inji da kunne, amma ba a taɓa nuna masa yadda ake karanta ma'auni ba. Kuɗin wannan ɗan ƙarfe bai kai na wayar hannu mai kyau ba.

Maganar tsadar injin ma akwai wanda ya taɓa zagaye ta. Wani Ba'amurke, David Gingery, ya wallafa jerin littattafai tun daga 1980 yana nuna yadda mutum zai fara da murhun gawayi da yashi da tarkacen alminiyam, ya zuba sassan ƙaramin injin sassaƙa ɗaya bayan ɗaya, har rabin injin ya taimaka wajen ƙarasa sauran rabinsa. Mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sun bi hanyar sun yi nasu. Ba ya yanka manyan ƙarafa, amma yana fitar da ƙananan sassa. Matakin farko na wannan hanya, wanda Turawa ke koyo daga littafi suna ƙona yatsu, shi ne abin da masu zubin tukwanenmu ke yi kullum don neman abinci.

Sai dai ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya daina yin Lista, baƙin injin nan, a 1987, amma har yau ana samun sabonsa, domin garin Rajkot na jihar Gujarat a Indiya ya ɗauke shi. Ba kuma wata ƙatuwar masana'anta ɗaya ce ta yi ba. Ƙananan shaguna ne birjik, wannan na zuba gidan inji, wancan na yin bawul kawai, wani ringi, wani kuma ya tattara ya ɗaura. A Kumasi ta ƙasar Gana, a unguwar bakanikai ta Suame, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin ta buɗe wata cibiya a 1980 a tsakiyar masu sana'a, ta shigo da tsofaffin injinan sassaƙa daga Ingila ta sayar musu, ta koya musu zubin baƙin ƙarfe. A Kaduna ma kwalejin fasaha ta jawo maƙwabtanta na Panteka a jiki. Jigawa na da kwalejojin fasaha a Dutse da Kazaure da Haɗejiya, akwai kuma cibiyar ƙere-ƙere ta HEDI, ƙarƙashin hukumar NASENI, a Kano. Injin sassaƙa guda ɗaya mai lafiya a Birnin Kudu, a hannun ƙungiyar bakanikai, da malami ɗaya da zai riƙa zuwa yana koyar da awo, zai canza abubuwa da yawa tun daga Babaldu har Basirka.

Akwai haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi ko a jikin tarkacen da aka jefa cikin narkakken alminiyam yana iya watsa shi a fuskar mutum. Injin sassaƙa ba ya tsayawa don ya kama hannun riga, saboda haka babbar riga da jallabiya da rawani ba su da wuri a gabansa, haka ma zobe da agogo. Ɓawon ƙarfe kaifi ne da shi kamar reza, da ƙugiya ake janye shi bayan an kashe inji, idanu kuma a rufe su da tabarau. Ƙafar inji da aka zuba da rami a cikinta tana iya tarwatsewa in gudu ya yi yawa. Hayaƙin inji a rufaffen ɗaki kuwa ya kashe iyalai da dama a ƙasar nan, gubar cikinsa ba ta wari, barci kawai take sawa.

Shi ya sa masu wannan sha'awa a ko'ina ba sa farawa da injin fetur. Ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu na iya farawa da gwangwanin madara biyu da balan-balan da waya da kyandir, ya yi irin injin iska mai zafi da wani limamin coci ɗan Sikotlan, Robert Stirling, ya ƙirƙiro a 1816. Ba ya jan komai, amma yana juyawa, yaro kuma ya ga da idonsa yadda zafi ke zama motsi. Bakaniken da ya samu damar tsayawa gaban injin sassaƙa kuma, abin da ya fi masa shi ne ɗan injin tururi mai silinda mai lilo, wanda sassansa ba su wuce shida ko bakwai ba, ba bawul, ba fulogi, ba fetur. Tagullar tsohon kan famfo ta isa silinda, guntun noti ya isa fistin. Tururi ma ba dole ba ne: a kai shi wurin mai faci a sa masa tiyon iska, in an yi shi daidai sai ya kama gudu yana kaɗa kai.

Kafin a kai ga mai faci, akwai gwajin da ake yi a shago. A ɗiga mai kaɗan a jikin fistin, a tura shi cikin silinda har ƙarshe, a toshe ramin iska da yatsa, a jawo fistin a saki. In ya koma ciki da kansa kamar an ja shi da roba, ratar ta yi. In ya tsaya inda aka sake shi, ko ya zame ya faɗo ƙasa, an ci ƙarfe da yawa. Sai a jefa shi cikin gwangwanin tarkace, a ɗauko wani notin a ɗaura a inji.